Mutumin Ƙarfe Mai Zuwa Ta'aziyya

A gidanmu na Sandamu, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu, Iya Tabawa, tana gasa mana gyaɗa a toka tana tsokanata da "mijina marowaci". Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya amsa. "To, ga ta nan tafe," za ta ce, "wanda bai ce ta zo ba ya tashi ya ba ni wuri."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani maƙeri mai basira da ya gaji da barin aikinsa don zuwa dubiya da gaisuwar mutuwa. Sai ya ƙera mutumin ƙarfe, ya koya masa sallama da "Allah ya jiƙansa". Duk inda aka yi rasuwa sai ya aika shi. Mutanen gari suka ga abu ya zo da sauƙi, kowa ya sa aka ƙera masa nasa. Ranar da maƙerin ya mutu, ƙofar gidansa ta cika maƙil da ƙarafa suna ta zuba gaisuwa, amma babu mai yi masa wanka, babu mai sallatarsa.

"Ƙarfe ba ya alwala, jikokina," in ji Iya. "Ba shi da niyya. Da me zai tsaya gaban Allah ya roƙa wa wani gafara?"

Mu kuwa dariya muke, muna kwaikwayon tafiyar mutumin ƙarfen. Ni har cewa na yi in na girma biyu zan saya.

Bara Iya ta rasu. Na aro tabarmi daga masallaci na shimfiɗa har bakin hanya, domin matar nan babu gidan makokin da ba ta taka da ƙafarta ba, daga nan har Daura. Sahu biyu muka samu a jana'iza, na biyun ma bai cika ba. Tabarmin suka wuni rana na dukansu, waya kuwa sai ƙara take a aljihuna, saƙo kan saƙo. Raina ya ɓaci, babu wanda ban zaga ba a zuci.

Da la'asar na zauna in ga ko su wane ne. Na buɗe na Sani, abokina tun firamare, wanda tsakaninmu bai wuce ɗan hawan babur ba. Doguwar addu'a ce mai hoton furanni. A samanta kuma ga irinta sak, ko harafi ba a canja ba. Ni na tura masa ita ranar da aka binne mahaifinsa, ina zaune a shagona.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wayar ba ta yi mini laifin komai ba, ni ne na ɗora mata abin da Allah ya ɗora mini. Har yau abin da ke ci mini rai shi ne Iya ta tafi da sahun da bai cika ba, kuma ina cikin waɗanda suka koya wa mutane cewa saƙo ya wadatar.