Bencinan Aro

Shekara talatin da biyar na yi ina cin alli, na manta da abubuwa da yawa, amma ban taɓa mantawa da ranar da 'yan kwamitin majalisa suka zo makarantarmu ba. Lokacin ina hedimastan wata firamare a ƙasar Durun, cikin ƙaramar hukumar Kabo. Ku 'yan baya, ku buɗe kunne ku ji wautar babbanku.

Akwai wani ƙuduri a gaban majalisar jiha kan gyaran makarantun gwamnati. Ƙuduri bai zama doka ba tukuna, sai kwamiti ya zagaya ya gani da idonsa ya kai rahoto. Abin da ya fi faranta mana rai a ciki shi ne: makarantar da aka samu da ƙarancin malamai, za a ɗauki 'yan sa-kai da ke cikinta a tura su kwaleji, su dawo da takardar koyarwa. Mu kuwa muna da Malama Hassu. Shekara takwas tana riƙe da aji ɗaya da aji biyu, ba takarda, ba albashi, sai ɗan ihsanin iyayen yara. Wannan ce damar da take jira.

Da takarda ta iso cewa za su zo ranar Talata, sai na yi abin da muka gada tun zamanin sufetoci: baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Na aro benci ashirin daga Islamiyyar Malam Ilu, na roƙo malamai biyu daga makarantar Dugabau, muka shafe bango da farar ƙasa. Sannan na kira Malama Hassu.

"Malama, gobe ki huta a gida. Kada su tambayi takarda mu ji kunya."

Ta dube ni, ta ce, "To, Baba Hedimasta." Ta juya ta tafi.

An ce ƙarfe goma, amma sai da suka biya ta Gwarzo, ba su iso ba sai bayan azahar. Kai, ranar na ga motoci! Yara suka rera barka da zuwa, ni kuwa ina ta washe baki cikin babbar riga. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai farin gemu, ya leƙa aji-aji, ya ga kowa a kan benci, kowane allo da malaminsa.

"Masha Allahu, Hedimasta! Duk inda muka je yau, ba mu ga irin taku ba." Ya juya wurin sakatarensa. "Rubuta: ba su da matsalar malamai. A sa su a sahun baya."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Ana cikin haka sai ga ƙarar amalanke. Malam Ilu ne da kansa, da shanunsa biyu, har tsakiyar fili. Shi ba ruwansa da wani Honorabul. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa har da tambayar iyali, sannan ya ce:

"Hedimasta, mun yi da kai sha biyu. Ga la'asar ta kawo jiki, ɗalibaina na tsaye. A ba ni bencinana."

Shugaban ya cire tabarau.

"Bencinan wa?"

Na ce a raina, zanen aro dai ba ya rufe katara. Na tuɓe hula.

"Ranka ya daɗe, nasa ne. Waɗancan malamai biyun ma na Dugabau ne. Mu uku ne a nan, ta huɗunmu kuma na ɓoye ta a gida."

Na zaci zai ci mutuncina. Sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Haba Malam! Likita ya zo gidanka, ka tura marar lafiya maƙwabta? A kwashe bencinan, a kira ta!"

Muka kwashe, har sakataren ya kama. Yara suka koma kan tabarminsu. Malama Hassu ta iso da garin tuwo a hannu, ta goge a mayafi, ta ɗauki alli. Ta rubuta jimla, ta nuna wata 'yar mitsitsiya a can baya, yarinya ta karanta tar. Ta nuna wani, ya karanta. Sai shugaban ya karɓi allin ya rubuta tasa, ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, har kwanon rufi yana amsawa. Ni da ke bakin taga ban san sanda na yi kabbara ba!

"Goge abin da ka rubuta," in ji shi ga sakatare. "Sa sunanta a farko."

Da aka fara tura 'yan sa-kai, tana cikin rukunin farko. Ranar da ta dawo da takardarta, gidana ta fara kawowa. Na riƙe, na ce ta yafe mini. Ta ce, "Baba, Malam Ilu za ka gode wa, da shanunsa."

Abin da na koya ke nan. Mu malamai mun iya jin kunyar rashin da ba mu muka jawo shi ba, mu yi ta shafa masa farar ƙasa. In baƙi sun zo, ku share fili, ku ba su ruwa, amma ku bar su su ga tabarmar. Ni don a ce makarantata ta yi kyau na yini ɗaya, saura ƙiris in rufe wa baiwar Allah ƙofar da ta yi shekara takwas tana jira a buɗe.