Sarƙar Masu Hawan Igiyar Ruwa

Shekara ashirin ke nan da aka fita da gawar mijina, Malam Ilu maƙerin azurfa, daga gidanmu na Ƙofar Guga. Har yau in na ji ƙarar ƙaramar guduma sai zuciyata ta miƙe tsaye kafin ƙafafuna.

A shekarar da soja suka koma bariki, kowa na cewa ƙofofi za su buɗe, ƙanensa Sada ya zo daga Legas da saƙo. Wasu samari a bakin teku, masu hawan igiyar ruwa, suna son abin rataya makullin mota, wanda ruwa ba zai ƙwace ba.

Malam bai taɓa ganin ruwan da ya fi na tafki ba. Da ya ji igiya, sai ya tuna igiyar guga da yadda take cin hannu. Ya duƙufa ya ƙera awarwaro mai faɗi don ya kare wuyan hannu. Sada ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Yaya, ai babu igiya! Ruwan ne ke tashi kamar ganuwa, su hau shi bisa katako."

"To mi ya sa kuka ce masa igiya? Ku gyara Hausarku, in gyara ƙirata."

Sai ya koma ƙera sarƙar wuya. Daga ranar na zama tekunsa. In cika baho da ruwan gishiri, in rataya sarƙa, ya yi ta sheƙa mini ruwa da ƙwarya yana duba ko maɓalli zai buɗe. Ni da na tashi a kan littattafan soyayya, ina jiran baitoci da turare, sai ga ni jiƙe sharkaf ina tari. Yanzu na san babu shafin da ya kai waɗannan ranaku daɗi.

Wata rana sarƙar ta maƙale a kunnen baho, ta shaƙe ni. Malam ya yi maza ya tsinke ta. Daga nan ya riƙa saka zobe ɗaya mai laushi kusa da maɓalli: ruwa ba ya buɗe shi, amma in sarƙa ta kama wani abu aka fizga, sai ya saki.

Sada ya ce masu saye za su ce aikin banza ne, sunan Malam zai zube. Haka kuwa aka yi. Wasu suka dawo da nasu, har a cikin maƙera aka riƙa ce masa mai sarƙar tsinkewa. Ya ji zafi, na gani a yadda yake barin tuwo. Ya ce gara a zage shi da a binne ɗan wani da aikinsa a wuya. Mai gaskiya, in ji magabata, ba ya rasa maƙiya.

Yau jikokina suna nuna mini masu hawan nan a waya. Da yana raye, na san ba zai kalli ruwan ba, wuyansu zai leƙa. Ko zai ce mi game da sarƙoƙin kanti da ke yin kore tun kafin sallah ta wuce?

Bai bar mana gida mai bene ba. Amma iyaye mata a unguwarmu, in za a yi wa yarinya sarƙa, suna ce wa maƙeri ya sa zoben Ilu. Bara jikata tana guje-guje, tata ta kama ƙusar ƙyaure, zoben ya buɗe, sarƙar ta faɗi. Ta zo tana kuka wai sarƙarta ta lalace. Na duba wuyanta, ko ƙwarzane babu.

Allah Ya jiƙanka, Malam.