Tekun da Aka Manna a Bango

Har gobe ba zan manta da ranar da aka kawo mana teku a naɗe cikin kwali ba. Ku sababbin shiga aikin kula da tsofaffi kuna yawan tambayata ko an taɓa hukunta ni a aikin nan. An taɓa, sau ɗaya, ga kuma yadda aka yi.

A lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ardwick, cikin Manchester. Na fara ne da aikin wucin gadi sa'ad da maigidana, Abban Yusra, yake karatun digiri na uku. Ina nan har na zama babbar mai kula, wato ni ke raba wa ma'aikatan safe aiki, ni ke ba da magani, ni ke rubuta rahoton kowane tsoho kafin na yamma su karɓa. Sama da ni akwai manajar gidan, Sandra. Sama da ita kuma sai hedkwatar kamfanin a Birmingham, mutanen da ba ma ganinsu sai a takarda. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ƙaramar hukuma ta rage abin da take biya wa tsofaffi, kamfanin kuma ya juye nauyin a kanmu. Aikin mutum biyar ya koma wuyan uku.

Mutanen ƙasar nan suna da wata Lahadi a watan Maris da suke ware wa iyaye mata, daidai lokacin da sanyi ya fara sassautawa, furanni suna ɓullowa. Ba al'adarmu ba ce, amma duk wanda ya san darajar uwa ba zai raina ta ba. A gidanmu abin da aka saba shi ne a ɗauko mota mai ɗaukar keken guragu, a kai matan da ba su da mai ziyara bakin teku, wani garin masunta da ake kira Fleetwood.

Wadda ta fi kowa ɗokin tafiyar ita ce Doreen, 'yar asalin garin. Ta haura tamanin, ƙafafu sun gaza, amma hankalinta garau. Mahaifinta masunci ne, teku ta ci shi tana ƙarama, uwarta ta raine su su biyar da ɗinkin taru. Kabarin uwar yana can. Ɗanta ɗaya ne, yana Ostireliya. Bakina bai taɓa iya kiran tsohuwa da sunanta gatsal ba, don haka nake ce mata Mama Doreen. Da farko dariya take yi, daga baya idan wani ya kira ta Doreen kawai sai ta ce, “Ina sauran?”

Saura mako biyu, Sandra ta kira ni ofis. Ta ce, “Hadiza, bana babu tafiya. Birmingham sun soke motar.”

Na ce, “Madam, to wa zai gaya wa Mama Doreen?”

Ta mayar da idonta kan kwamfuta. Na gane ni ce.

Da na gaya mata ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ba komai, 'yata, na san ba ke ba ce.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ta daina cinye abincinta.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye, domin ba shi ne farkon abin da aka ƙwace musu ba. Ranar Juma'a sai ga manajan shiyya, Mista Gareth, ya taso tun daga Birmingham da mai ɗaukar hoto da manyan kwalaye. Aka kwance. Ƙatuwar takarda ce mai hoton teku shuɗiya fes, har da bishiyoyin kwakwa. Ga buhun yashi, ga bokitan wasan yara, ga hulunan malafa da furannin roba. Aka manna takardar a bangon falo, aka zuba yashin a kan leda. Mista Gareth ya tafa hannu ya ce, “Tun da ba za su je teku ba, mun kawo musu teku!” Hotunan kuwa na littafin tallan kamfanin ne, wanda ake nuna wa masu neman inda za su ajiye iyayensu.

Raina ya ɓaci. Babu halin ɗaukar mota ta yini guda, amma akwai halin ɗauko mai hoto. Muka jera tsofaffin nan, mata da suka haifa suka yi jikoki, ana ɗora musu malafa ana ce musu su yi murmushi kamar 'yan nazare. Aka tura Mama Doreen tsakiya, aka danƙa mata furen roba. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, “Hadiza, wannan ba tekunmu ba ce. Tamu ruwan toka ce.” Sai hawaye.

Mista Gareth ya matso ya rage murya. “Juya kekenta kaɗan, kada fuskar ta fito.”

Na ce, “Ba zan juya ba. Wa ya tambaye ta ko tana so a ɗauke ta?”

Ya ce, “Ke, ki tuna da wa kike magana.”

Na cire mata malafar na ajiye a kan yashin, na tura kekenta zuwa ɗakinta.

Ga abin da ya kamata ku sani game da ƙa'ida. Gidan tsofaffi ba gidan yari ba ne. Duk tsohon da hankalinsa yake daidai yana da ikon fita da wanda yake so, sai dai a rubuta a littafin fita, a tanadi maganinsa, a sanar da danginsa. Lahadin nan ta iyaye mata hutuna ne. Na tambayi Mama Doreen ko tana so in kai ta, ta riƙe hannuna gam. Na kira ɗanta a waya, ya yarda. Na gaya wa Sandra, ta ce, “Ban ce ki je ba, ban ce kada ki je ba.” A gida Abban Yusra ya ce, “Maman Yusra, kin san za su iya jawo miki matsala a wurin aiki ko?” Na ce na sani. Sai ya ce, “To keken zai shiga but ɗin motarmu, bari in kwashe tarkacen ciki.”

Shi ya tuƙa mu, mun isa kafin azahar. Iska tana kaɗawa kamar za ta tsinke mini mayafi. Garin cike da iyalai, kowa riƙe da uwarsa, gidajen shayi babu masaka tsinke. A ƙofar wata majami'a ana raba wa mata furanni masu ruwan ɗorawa, wata mata ta tsallako titi ta miƙa wa Mama Doreen nata, ta miƙo mini ni ma. A maƙabarta ita ta nuna mana hanya, ba ta yi kuskuren kwana ko ɗaya ba. Na durƙusa na share ganyen da ya rufe dutsen. Ta ajiye furen ta ce, “Mama, na zo. Sun ce ba zan zo ba, amma ga ni.” Muka ja da baya muka ba ta wuri. Ina tsaye sai Innata da ke Funtuwa ta faɗo mini a rai, shekara huɗu rabona da ita. Daga nan muka je bakin ruwa. Ruwan toka ne kuwa, kamar yadda ta faɗa. A cikin mota ta cinye kifi da dankalinta tas, har tana lasar yatsu.

Ba a yi mako ba takarda ta iso, ana nemana a Birmingham. Na hau jirgin ƙasa na je. Mutum biyu ne a ɗakin, Mista Gareth da wata mata daga sashen ma'aikata. Laifina biyu: na ƙetare iyakar da ke tsakanin ma'aikaci da wanda yake kula da shi, na kuma kunyata kamfani a gaban baƙo, wato mai hoton. A kan tebur ga samfurin littafin talla. Ga Mama Doreen da malafa, an ɗauke ta kafin hawayen su zubo, an rubuta a ƙasa wai tsofaffinmu suna shan iskar teku ranar iyaye mata.

Matar ta ce, “Da wani abu ya same ta a hanya fa?”

Na ce, “Tambayarki tana kan hanya, shi ya sa na cika kowace takarda. Amma kwana goma tana barin abinci a faranti, na rubuta a rahoto kullum, babu wanda ya kira ni Birmingham a kan wannan.”

Mista Gareth ya ce, “Ba kya ganin matsin da muke ciki.”

Na ce, “Ina gani, ni ke ɗauke da shi a bayana kowace safiya. Ku ce babu, za mu fahimta. Amma kada ku hana ta kabarin uwarta, sannan ku sayar da fuskarta.”

Aka ba ni gargaɗi a rubuce. Na fito na wuce unguwar Small Heath gidan wata ƙawata, na yi sallah, na yi kukan takaici har na gode Allah. Hoton kuwa sai da ɗanta ya rubuto musu da kansa kafin suka cire. Mama Doreen ba ta ga wani Maris ba, ta rasu da shigowar sanyi.

To ƙannena, ba ina ce muku ku karya doka ba ne. Ku san ta ciki da bai, domin ita ce ta hana a kore ni. Abin da na koya shi ne, a aikin nan talauci ba shi ne abin kunya ba, ƙarya ce abin kunya. Tsoho yana iya jure “babu”, ya sha jin ta tun ba a haife mu ba. Abin da ba ya jurewa shi ne a mayar da shi yaro. Duk ranar da aka ce ku juya keken wani don kada a ga hawayensa, ku tsaya ku tambaye shi tukuna me ya sa shi kuka.