Sista Verlene da Allon Bakin Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta. To ku ji, amma wannan ba ƙanzon kurege ba ce, mai labarin tana nan da ranta.

Shekara arba'in da ɗaya, ƙarfe shida na safe a bakin tafkin iyo na cocinmu take yi wa Sista Verlene Gaither, usur a wuya, tana tsawa: "Kai jikan Odessa, ɗaga kai! Ruwan nan shayin kakarka ne da za ka shanye mini shi?"

Baƙo sai ya ce faɗa gare ta. Mu mun san mafari. Bazarar 1963, tafkin gari na fararen fata ne kaɗai, ga allo a ƙofa mai hana baƙar fata shiga. Zafi ya kora yaranmu tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika. Uku suka shiga ba su fito ba: ƙaninta Cleophus, da Rufus Bell, da Ida Mae Sims. Verlene na gaɓa tana ihu, ba ta iya iyo ba. Wa zai koya mata? A ina?

Daga maƙabarta muka zarce ƙofar tafkin gari da baƙaƙen kayanmu na makoki. Ruwan da suka hana mu, shi suka sakar mana ta mesar 'yan kwana-kwana. Da kotu ta ce a buɗe wa kowa, sai suka cike tafkin da siminti. Ku ji baƙin hali!

Verlene, ke ce kika koyi iyo da shekara talatin, ana yi miki dariya. Ke ce kika tsaya kan dattawan coci har suka haƙa mana namu. Kainuwa dashen Allah! Tun daga nan ruwa bai sake cin ɗan kowa a unguwarmu ba.

Bana da ta ajiye usur, hukumar gari ta gina sabon tafki da sunanta. A allon da ke bakinsa an rubuta: "Tunawa da haɗarin 1963." Magajin gari ya miƙa mata almakashi ta yanke ƙyallen buɗewa.

"Haɗari?" in ji ta. "Ɗana, haɗari shi ne tsohuwa ta zame a banɗaki. Allon ƙofar tsohon tafki ne ya kashe su. Ku cire sunana, ku sa na yaran nan, ku rubuta abin da ya kai su ramin."

"Haba Miss Verlene, a bar kaza cikin gashinta mana."

"Shekara sittin tana ciki. Yau za a fige ta."

Ta ajiye almakashin a ƙasa ta juya, muka bi ta. Wata huɗu babu ɗanmu ko ɗaya da ya tsoma ƙafa a ruwan.

Mun gode, 'yar'uwa. Ku kuma 'yan baya, in an ba ku girma don ku yi shiru, ku ajiye shi a ƙasa kamar yadda ta yi.

An sauya allon: sunaye uku, da dalili. Ramin dutse an kewaye shi da waya. Magajin gari yana nan kan kujerarsa. Verlene kuwa ta sake rataya usur, don ta ji jikokinsa ma ba su iya iyo ba.