Ranar da Iya ta ɗora ni a kan jaki

Ina da shekara uku shan inna ya shanye mini ƙafar hagu, ta dama kuma ya bar ta ba ƙarfi. Da rarrafe na tashi. Baba ya sassaƙa mini wasu 'yan katakai biyu da nake riƙewa, don kada tsakuwa ta cinye mini tafin hannu. Gidanmu yana bakin garin Birnin Gwari, inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Baba manomi ne, Iya kuwa daddawa take yi da man kaɗanya, tana kai wa kasuwannin ƙauye.

Shekarar da na cika takwas, bayan an gama yankan dawa, Iya ta canza mini. Sai ta ɗauki tallarta ta fita ranar da ba kasuwar kowa ke ci ba. Yau ta ce Gayam, jibi ta ce Saminaka, ta dawo da la'asar ƙafafunta buɗu-buɗu, daddawar kuwa tana nan yadda ta tafi da ita. Wanda ba ya tafiya ido yake da shi. Ni da ke wuni a gindin turmi, babu abin da ke wuce ni.

Sannan wata Bagwariya daga Kazage ta fara zuwa gidanmu, doguwa, Kirista, mai ɗaukar kaya a kafaɗa. Ƙawa suke kiran juna ita da Iya. In ta zo sai su koma bayan rumbu su yi ƙasa da murya, da na matso su yi shiru. Wata rana ta durƙusa gabana, ta fiddo igiyar rama, ta sa Iya ta miƙar da ni tsaye, ta gwada daga hammatata zuwa ƙasa, ta ƙulla.

Na ce, "Iya, me ake aunawa?"

Ta ce, "Ba ruwanki. Je ki kori kaji daga shanyar can."

Na taɓa ganin an auna mutum da igiya sau ɗaya, ranar da kakana ya rasu za a haƙa masa kabari.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta ƙara wa wutar itace. Tun ina ƙarama nake jin tana labarin yaran da ba yara ba ne, 'yan ruwa ne, waɗanda ake kai wa bakin rafi cikin daji a ajiye, a juya baya, su koma wajen danginsu. In tana faɗa, ni take kallo. Ran nan na ji ta a zaure tana ce wa Baba, "Ka binciki matarka. Mace ta dinga ratsa daji da kayan da ba ta sayarwa, akwai magana."

Baba ya tare Iya a tsakar gida ya tambaye ta. Ba ta daina tankaɗe ba ta ce, "Malam, ba ɓarna nake yi ba. Ka ba ni zuwa Litinin." Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Ni kuma na fara ƙidaya kwanaki. Abinci ya daina shiga mini. In ta miƙo mini tuwo sai in jira in ga ta ci tukuna.

Ranar Litinin da hantsi, bayan Baba ya tafi gona, ta yi mini wanka, ta shafa mini mai, ta sa mini rigar salla. Ta aro jakin maƙwabta. Na rungume ƙafar rumbu na ƙi saki, sai da ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Maimakon mu nufi cikin gari, ta ja jakin ta hanyar bayan gari, wadda ke bin gefen daji. Na yi ta haɗiye kuka har na hango duhuwar itatuwan bakin rafi.

Na ce, "Iya, rafi za ki kai ni?"

Ta tsaya cak. Ta juyo ta dube ni, ba ta gane ba, sannan ta gane. Ta saki igiyar jakin, ta zauna daɓas a ƙasa. Can ta ce, "Wa ya gaya miki wannan magana?"

Na ce, "Kin sa an auna ni."

Ta sauke ni, ta ɗora ni a cinyarta, ta kama fuskata da hannu biyu. "Wata tara na ɗauke ki a ciki, shekara biyar ina goye da ke a baya. Da zan yar da ke, sai yanzu da kika yi nauyi? Makaranta za mu."

Ban yarda ba. Sai da muka karya kwana na ga mata a gindin wata ɗorawa, kowacce da yaro. Bagwariyar nan tana cikinsu da ɗanta kurma, ga sanduna biyu na dogarawa da mijinta ya sassaƙa daidai tsawon igiyar. Akwai wata yarinya makauniya daga Gayam, da wani yaro mai ƙusumbi, da wata da ba ta riƙe wuyanta. Ashe gida-gida Iya ta yi ta bi da sunan talla, tana neman yaran da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki. Ta ɓoye zancen ne don da mazan sun ji, da ba macen da za ta fito. Hanyar bayan gari kuma don kada mu bi ta ƙofar Gwaggo.

Hedimastan firamare ya fito ya same mu zaune a bakin ofishinsa. Bai amsa gaisuwa sosai ba, ya ce, "Wa ya turo ku? 'Yan mishan ne ko 'yan siyasa?"

Iya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya turo mu. Dogarai suna bin gidaje suna zaƙulo yaran da iyayensu suka ɓoye a rumbu don gudun boko. Mu ga namu mun kawo da ƙafarmu."

Ya ce nan ba asibiti ba ne. Iya ta ce ta sani, ba magani muka zo nema ba. A lokacin, yaron da ya isa shiga aji shi ne wanda zai ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Ta kama hannuna ta ɗora, na cafke kunnena har ya yi zafi. Ta ce, "Ga kunne ta taɓa. Ko da ƙafa ake riƙe alli?"

Ya shiga ofis ya bar mu a rana. Ba mu tashi ba har aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka kewaye mu suna kallo. Daga ƙarshe ya fito ya ce zai ɗauki biyu, ni da mai ƙusumbi, na gwaji. Sauran ba shi da malamin da zai iya da su.

Baba ya yi kwana uku bai yi wa Iya magana ba. A na huɗu, shi ya ɗauke ni a keke ya kai ni makaranta.

Iya ba ta tsaya nan ba. Ta je wajen hakimi, ta hau motar itace ta je Kaduna sau biyu, ita da ƙawarta, suna nema wa sauran yaran makaranta. A gari aka ce biyanta ake yi, wasu suka ce za ta bar addininta, wasu mata suka daina sayen daddawarta. Bayan shekara biyu aka karɓi kurman nan, ɗan ƙawarta, a wata makaranta mai nisa. Makauniyar nan kuwa ba ta samu ba, mahaifinta ya hana, kuma har Iya ta tsufa in an ambaci Gayam sai ta yi shiru.

Da na iya karatu, ni na zama mai karanta mata takardun ofis. Ba ta taɓa yarda da takarda ba. Sai ta sa in karanta sau biyu, a hankali, tana kallon bakina. In na gama ta naɗe ta cikin gefen zane, ta kai wa wani tela a kasuwa ya sake karanta mata, wai don ta tabbata ban sassauta maganar ba saboda tausayinta.