Shekarar da Muka Kwance Kaya

A Anacha aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na binne mijina. Amma tun ina ƙarama na san in zaɓe ya matso, mu Hausawan garin ɗaure kaya muke yi. Ba a yin shela. Sai dai ka ga an sauko da manyan jakunkuna daga saman sif, ana wanke kayan yara, ana neman direban da aka sani. Mata da yara su yi Arewa, maza kaɗan su zauna gadin rumfuna, sai an faɗi sakamako ƙura ta lafa a dawo. Mahaifiyata ta yi da ni, ni ma na yi da nawa 'ya'yan, don kowane gida yana da labarin wata shekara da ba a son tunawa.

Wanda ya fara cewa a daina, ɗan maƙwabtanmu ne, ubansa dillalin albasa a kasuwar Ose Okwodu. Ni na goya shi, ya jiƙa mini zani ba sau ɗaya ba, amma a lokacin ya zama lauya, da gemunsa da matarsa da 'ya'ya. Ranar da ya shigo rumfar da nake sayar da tuwo, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce zai tsaya takarar majalisar wakilai ta tarayya, ludayi ya kusa suɓuce mini cikin miya.

Na ce, "A wane garin?"

Ya ce, "A nan, Yaya."

"Nan Anacha? Kai, ka karya kumallo kuwa?"

Dariya ya yi. Ba shi da ubangida, ba shi da jam'iyya. Da yake doka ba ta barin mutum ya tsaya shi kaɗai, sai ya ari alamar wata 'yar ƙaramar jam'iyya da ko ofis ba ta da shi a garin, amma duk inda ya tsaya cewa yake shi mai zaman kansa ne, ba mai juya shi. Ba ya raba atamfa, ba ya raba sabulu. A kan buhunan albasa yake hawa ya yi magana, da Hausa, ya juya harshen Ibo kamar a bakinsa aka ƙera shi, har matan da ke sayar da kifi suna dafa juna suna cewa wannan Bahaushen nasu ne.

Maganarsa kuma ba ta sama ba ce. Ya ce zai kai ƙudurin da zai rushe shingayen da ake tare motocin kaya ana tatsar direbobi, har tumatir ya narke a kwando kafin ya iso. Ya ce a gina wa kasuwa rumbun sanyi, a gyara magudanan da suke ambaliya duk damina. Babbar maganarsa ita ce duk wanda aka haifa a gari, yake biyan haraji a garin, a ba shi takardar ɗan gari. Wannan ta taɓa ni, don ɗana ya sha yawo a kanta: a nan aka ce masa baƙo ne, ya je Kano aka ji Hausarsa aka ce ya koma inda ya fito. Sai ya ɗora da cewa, "Amma ba wanda zai ɗauke ku 'yan gari muddin ranar zaɓe kuna cikin mota. Ku dawo da katinku na zaɓe nan, ku zauna. Ni ina nan, iyalina suna nan, abin da ya ci ku shi zai ci ni."

Ni mace ce mai zafin kai, in na yarda da abu sai na fi mai shi. Na mayar da katina Anacha. Na bi gida-gida bayan la'asar, ina zama a tsakar gidan mutane ina cika su da surutu har sai sun gaji sun ce to. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai da ta riga ta ɗinke bakin buhunta da zare, da hannuna na farke shi ina cewa, "Inna, gudun me? Yaron nan ma da ke da abin tsoro matarsa tana ɗaki."

A cikin wannan hali 'yata ta zo daga Inugu goyon ciki. Cikin fari ne, watanta ya kusa, kuma haihuwar fari a ɗakin uwa ake yinta. Mijinta ya bugo waya daga unguwarsu ta Obiagu, cikin ladabi ya ce ko za a wuce da ita Kano wajen ƙanwata, tunda zaɓe ya zo. Na ce masa, "Ni ban mutu ba. A ɗakina za ta haihu, ni zan yi mata wanka." Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na kashe wayar ina jin kaina wata jaruma.

Ana cikin makon zaɓe, da hantsi, na hau okada da jarkar manja zan aika wa ƙanwar tawa. Tashar Upper Iweka ta cika maƙil yadda ta saba, hayaƙi, ham ɗin motoci, 'yan kamasho suna fizgar jakar mutane. Ɗaya ya tare ni yana cewa da Turancin buroka, "Hajiya, yu de go?" Na ce ba inda za ni, saƙo ne. Na kutsa har gindin doguwar motar Kano ina neman direba, sai na ji wata 'yar murya daga taga ta ce, "Gwaggo, ina kwana."

Na ɗaga kai. Babbar 'yar ɗan takararmu ce, da biskit a hannu. Kusa da ita ƙannenta, kusa da su uwarsu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ƙura wa kujerar gabanta ido. Na yi mutuwar tsaye. Na ce wa raina wataƙila rasuwa aka yi musu. Sai ga shi ya zagayo daga bayan motar, ya sa hular sanyi har gira, yana kinkime da jakarsu.

Salati kawai nake yi. Jarkar tana hannuna amma ban jin nauyinta. Ya ajiye jakar ya ce, "Yaya."

Na ce, "Rasuwa aka yi?"

Ya ce a'a. Ya ce kira ake yi masa a waya da lambobin da bai sani ba, jiya har an faɗa masa launin rigar makarantar yaran. Ya ce, "Ni ina nan, wallahi ba inda za ni. Amma ni uba ne, Yaya."

Na ce, "Mu kuma itatuwa muka haifa?"

Ya matso ya rage murya ya ce don Allah in bar maganar a cikina, in na faɗa unguwa za ta watse kafin magariba, duk wahalar da muka sha ta tafi a banza. Wannan roƙon ya fi ganin yaran ƙona mini rai. Wato ya san akwai abin tsoro, ya kwashe nasa, mu kuma mu zauna a duhu mu cika masa layi. Na kalle shi, yaron da na goya, na rasa ta ina zan fara. Ban zage shi ba, kuma duk wanda ya san bakina ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na hau okada na koma unguwa. Na so in yi shiru, don har a lokacin ina son ya ci. Amma ni na shiga ɗakunan matan nan, ni na farke buhun tsohuwa. Gidanta na fara sauka. Na faɗa mata abin da idona ya gani, ban ƙara ba ban rage ba. Ta aika a sayo mata zare.

Kafin la'asar jakunkuna sun fito ƙofar kowane gida. Wasu matan suka wuce ni ba gaisuwa, ban ga laifinsu ba. Na kira surukina da kaina, na ce ya yi yadda ya ga dama da matarsa. Washegari na raka 'yata tasha, na sa mata matashi a baya, ina kallon cikin nan nata ina kallon tsawon hanyar Kano, hankalina in ya yi dubu ya tashi. Ta ce, "Umma, ki shigo mana." Na ce katina a nan yake.

Ranar zaɓe mu kaɗan ne daga unguwarmu a layi, tsofaffin maza da ni. Shi ma yana nan, ya rame, ya gaishe ni daga nesa na kau da kai. Na shiga na nemo alamar aron tasa na dangwala mata yatsa, ina jin haushinsa har wuya. Aka yi zaɓe aka gama, ko mari ba a yi ba a rumfarmu. Bai ci ba, bai ma yi kusa ba.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwata ta bugo da safe ina tsakiyar tuƙa tuwo. Ta ce an sauka lafiya, mace ce, ta riga ta ɗora ruwan wanka. Ta ce in tsaya in ji. Na saki muciya na toshe ɗaya kunnen saboda hayaniyar masu sauke albasa, na manna wayar da kyau. A haka na fara jin kukan jikata ta fari, tana Kano ina Anacha, wata ce take riƙe da ita.