Ranar Da Na Wanke Tulun Kofin Gidan Sarauta

Ko zan manta komai na zaman London, ban da ranar da na yi wa kayan gidan sarautar Ingila wankin tukunya.

Lokacin ban fi wata uku da zuwa ba, ina aikin kula da wata tsohuwar Baturiya mai zaman kaɗaici. A ɗakin cin abincinta akwai wani tulun kofi mai ƙafa huɗu da ɗan famfo a gaba, ya yi baƙi ƙirin. Duk sanda na gifta sai ya tsaya min a rai. Ni da aka raina a gidan da ake duba fuska a gindin tukunya, na ce lallai Turawan nan akwai ƙazanta.

Wata Laraba tana barcin rana na sauke shi, na samu soson ƙarfe, na zage. Akwai wani ɗan zane a jikinsa mai kama da hula, nan na fi ba wa ƙarfi, don a zatona datti ne ya kafe. Na gama na mayar da shi ina jiran yabo.

Washegari ɗanta ya zo da wani masanin kayan tarihi. Sai a ranar na ji cewa tulun azurfa ne, wani yarima ya ba kakan mijinta da ya yi aiki a fada, hular da na kankare kuwa kambin sarauta ce. Ɗan ya riga ya shirya kai shi gwanjo, uwar tana so ko ba ta so. Masanin ya juya tulun, ya cire tabarau, ya ce a haka babu gidan gwanjon da zai karɓa. Ni kuwa takarduna na zama a ƙasar a kan aikin nan suke.

Ɗan ya tambayi wanda ya yi. Na buɗe baki ke nan tsohuwar ta riga ni.

"Ni na sa ta," in ji ta. "Kayana ne, kuma na gaji da ganinsa da datti."

Bayan sun fita na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, shekara hamsin tana kallon abin nan ba a taɓa barinta ta sha ko kurɓi daga cikinsa ba. Ta sa na dafa kofi na zuba. Famfon yana yoyo, kofin yana ƙarnin ƙarfe, ta shanye kofi biyu tana lumshe ido. Haka muka yi ta sha kowace safiya har ta rasu.

Tun daga ranar na koyi tambaya kafin in gyara abin da ba nawa ba. Na tsira ne don ɓarnata ta zo daidai da bukatar mai kaya, ba don na iya wanke-wanke ba.